Daren da Surukina Ya Ci Tako

Shekara biyu da aurena, matata tana Kano, ni ina Dubai ina ɗaure kaya a wani kamfanin jigilar kaya a Al Ƙusais. Takardun tahowarta duk na gama. Abu ɗaya ya rage: mahaifinta ya ce ba inda za ta sai ya zo ya ga zamana da idonsa. Dattijon ɗan kasuwar yadi ne, irin mutanen nan da ko gaisuwa ka yi musu sai sun juya ta sun duba bayanta. Ni kuwa a waya na sha cika baki, wai ina cikin daula.

Jirginsa ya makara, sai ƙarfe ɗaya na dare ya sauka. Ranar kwantena muka wuni muna lodi, tun shayin safe ban sa komai a cikina ba. Gidan tuwon 'yar Gana da na yi niyyar kai shi kuwa tuni an ja ƙofa. Muka yi ta zagaya unguwar Karama a motar da na aro, har Allah ya haɗa mu da wani ɗan shagon abincin Meziko mai teburan roba huɗu.

Muna shiga ya yi turus. A bango an zana ƙoƙon kan mutum, an yi masa ado da furanni, yana yashe haƙora. Ya nemi tsari da Allah, ya zauna ya ba shi baya. Mai girkin ɗan Filifin ne, ya nuna mana takardar halal a jikin bango, sannan dattijo ya yarda a kawo.

Aka kawo tako uku. Abin ba wani abu ba ne, 'yar gurasar masara ce siririya, ba ta fi tafin hannu ba, an zuba nama da albasa an naɗe. Ya cinye su yana jira, don a zatonsa ɗanɗano ne. Can ya tambaye ni yaushe abincin zai iso. Na ce ai shi ke nan, Baba. Kallon da ya yi min ya sa na ce a ƙaro goma.

Da suka zo ya warware su duka, ya tara naman wuri guda, ya zaro ƙullin yaji daga aljihu ya barbaɗa. Kwaɓaɓɓiyar fiya da aka kawo a gefe, ya ce Allah ya shiryi wanda ya fara haɗa ta da albasa, sannan ya suɗe kwanon tas.

Ya ce in sa hannu. Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. A gidanmu ba a cin abinci a gaban suruki ko da mutum zai faɗi, ni kuma na san wannan yana cikin abin da ya zo dubawa. Sai dai cikina bai san surukuta ba. Ya yi wani ƙugi da har mai girki ya waiwayo. Na yi tari don in rufe, na sha ruwa, abin ya ƙaru.

Dattijo ya miƙe, ya ce bari ya fita ya gaya wa gida ya sauka. Ya bar abinci kusan rabi.

Wallahi ƙofar ba ta gama rufewa ba na afka. Na ga jar miya a kwalba, na ɗauka tumatir ne, na kwarara. Ashe wuta ce. Hawaye, majina, mai yana bin hannun shaddar da na kwana ina gogewa, amma ban tsaya ba. Sai da na lashe yatsu na ɗaga kai. Yana tsaye a bayan gilashi yana kallona, wayar ma tana aljihu. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, na ce shi ke nan, na kashe maganar da hannuna.

A mota, da muka kusa masaukinsa, ya juyo ya tambaye ni.

"Daular ke nan?"

Na ce, "Ana lallaɓawa, Baba."

Ya ce, "Bayan Sallah za ta taho. Ba don cika bakinka ba. Yadda na ga kana cin abin nan, in aka ƙara maka shekara ɗaya kai kaɗai, takaba 'yata za ta yi."

Daɗi ya kama ni har na wuce kwanar. Da zai sauka ya ajiye min sauran ƙullin yajin a kan kujera, ya ce in riƙa lallaɓawa da shi kafin ta iso.