Layar da Na Rubuta Ban Sani Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da takardar da na aika tsibiri ba, shekarun nan da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato.

Wani likitan ido ya zo Yelwa na kwana biyu. Cikin waɗanda ya duba har da mutum biyu da na sani, masu irin tsiro ɗaya, fari-fari a gefen ƙwayar ido. Ɗaya Alhaji ne, dillalin busasshen kifi. Ɗayan aminina ne, Bagunge masunci mazaunin tsibiri, wanda hasken rana bisa ruwa ya gasa wa ido tun yana yaro. Alhaji an ba shi kujera, aka yi masa bayani dalla-dalla. Aminina yana ƙarshen layi, aka miƙa masa takardar Turanci aka ce ya kai wa mai karatu. A wurinsa kuwa duk duniya ni ne mai karatu. Ya aje mini ita, ya ruga don kada jirgin kasuwa ya bar shi.

Malamin firamare maƙwabcina ya fassara mini: ba hakiya ba ce, ciwon daji ne, a tafi asibitin ido a Kaduna ba da jinkiri ba. Na fiƙe alƙalami, na rubuta wannan a bayan takardar da ajami mai kyau, har da Bismilla a sama, na ba mai jirgi. Na kwanta ina ganin na yi aikin lada.

Bayan damina na gan shi a kasuwa, idon ya kumbura, ga sabuwar laya ɗinke a gefen hularsa.

“Malam, layarka tana aiki,” in ji shi, “amma irinka ce, ba ta sauri.”

“Wace laya?”

Ya taɓa hula. Ashe da ya ga Bismilla da rubutun allo, wurin baduku ya nufa.

Na yi salati, na sa aka farke fatar, na karanta masa. Sai ya ce, “To da na karanta, wa za shi jefa mini taru har in dawo?”

Ni na raka shi Kaduna. Likitan can ya ce a ƙasar Turawa tun abin yana ɗigo ake kankare shi, mu nan sai ya ci ido ake kawo shi. Na Alhaji, da ya je a motarsa tun makon farko, ko tabo ba ya nunawa. Na aminina cire idon aka yi.

Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, in ya gan ni sai ya ce, “Ga malamin da ke rubuta wa kifi wasiƙa.” Tun daga nan na gane talaka ba a aika masa magana a takarda. Zuwa ake yi, a faɗa masa da baki, a kama hannunsa a tafi.