Tabarmar da Na Shimfiɗa wa Masu Biko

Ranar Laraba ce, tsakiyar rani. Na yi sallar asuba, na sha koko, na tafi gona na buɗe wa albasa ruwa. Gonata tana bakin hanyar ruwan da ta taso daga Tiga. Ƙarfe takwas na dawo gida. Ƙanwata Rabi tana zaune a ƙofar ɗakin matata tana tsince wake. Cikinta wata shida. Kwananta huɗu a gidana, kumburin idonta ya fara sauka.

Zuwanta na uku ke nan. Mu yaji muke ce masa. Mace ta taho gida, miji ya turo manya su yi biko, a ba ta haƙuri ta koma. Sau biyu ni da kaina na ɗauke ta a babur na mayar wa mijinta Sale, mai injin niƙa a ƙauyen da ke gaba da namu. A karo na biyu, da ya karya mata haƙori, sai da na kai ƙara ofishin walwala na ƙaramar hukumarmu. Jami'in ya tara mu, ya yi rubuce-rubuce, ya ce takardar sulhu ce. Bai tambayi Rabi komai ba. Lokacin ban iya karatun boko ba. Ya kama babban yatsana ya dangwala. Ya ba Sale takarda ɗaya, ya ba ni ɗaya.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na ji ƙarar babura biyu. Sale ne da yayansa da wani ƙanin babansu. Da na ga dattijo a cikinsu, sai na ce biko ne. Ba a barin mai biko tsaye a rana. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, muka gaisa, na tambayi mutanen gida. Ban lura ba su zo da goro ba. Ban lura Sale bai cire takalmi ba. Na ce su jira in kira mai unguwa, don ina so wannan karon a yi magana gaban shaida. Na fita. Na bar hanyar cikin gida ba kowa.

Ban kai masallaci ba na ji ihun matata. Na juyo a guje. Yayan Sale ya tare bakin zaure da sanda. Dattijon yana zaune a kan tabarmata yana ɗaga takarda.

"Kai ka sa hannu! Matarsa ce, tsaya nan!"

Daga ciki ina jin wani sauti, tas, tas. Na san shi. Bel ɗin injin niƙa ne. Na kutsa. Sanda ta sauka a kafaɗata, hannuna na hagu ya mutu. Na shiga duk da haka.

Wake ya watse a tsakar gida. Rabi tana ƙasa, ta dunƙule, ta rungume cikinta da hannu biyu. Sale yana jan ƙafarta.

"Tashi! Ki tashi na ce!"

Da ta ƙi sakin cikin, sai ya haure ta da takalmi. Sau biyu. Maza sun taru a ƙofa, ba wanda ya shigo, don cikin gida ne. Matan maƙwabta ne suka tsallako katanga. Inna Tabawa, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta ɗaga taɓarya ta nufe shi. Ya ja baya. Yana hawa babur ya ce kafin azahar za su dawo, ko ita ko gidan.

Sha ɗaya muka fita a babur. Ni a gaba da hannu ɗaya, Rabi a tsakiya, matata a baya tana riƙe da ita. Ba mu bi babbar hanya ba, don ta gaban injinsa take wucewa. Muka bi bakin ruwa. Na wuce gonata ruwa yana ambaliya a albasa. Ban tsaya ba.

Sha ɗaya da rabi muka isa ƙaramin asibiti. Ma'aikacin ya ga shatar bel a bayanta, ya ce sai da takardar 'yan sanda. A wurin 'yan sanda aka ce maganar gida ce, mu koma inda aka yi mana sulhu. Ƙarfe ɗaya muna sakatariya. Ofishin walwala a kulle. Masinja ya ce oga ya tafi taro. Na tambaye shi ko akwai inda za a ɓoye mace ko na kwana ɗaya. Ya dube ni ya ce nan ofis ne, ba masauki ba. Zanin Rabi ya riga ya jiƙe da jini. Yana gani.

Ana kiran azahar wayar matata ta yi ƙara. Inna Tabawa ce. Sun dawo su bakwai. Sun banka wa rumbuna wuta.

Muka nufi Yako. Na bar babur a hannun wani mai shayi da ban taɓa gani ba. Muka shiga ƙaramar bas mai zuwa Tudun Wada, inda yayan matata yake. A hanya Rabi ta daina nishi. Wannan shirun ya fi ihun tsorata ni.

Bayan la'asar muka isa asibitin garin. Wata malamar asibiti ta fito ta ga zanin. Ba ta nemi takarda ba.

"Ku shigo da ita! Maza!"

Dab da magariba ta fito ta kira ni gefe. Rabi tana da rai. Cikin ya zube. Namiji ne. Muka naɗe shi a mayafin matata, muka binne shi a garin da ba namu ba.

Bayan wata uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shekara biyu na yi ina haɗa baƙi. Abu na farko da na karanta ni kaɗai shi ne takardar nan. An rubuta cewa dangin mace sun yarda ba dukanta aka yi ba, faɗuwa ta yi, kuma sun janye ƙara. A ƙasa ga yatsana.

Na rubuta wasiƙa da hannuna na kai sakatariya. Na ce a ware ɗaki ɗaya mai makulli don matar da ta gudo. A sa mace a ofishin, ta saurari mai ƙara ita kaɗai. A karanta wa mutum takarda kafin a kama yatsansa. A ba ƙananan asibitoci umarni su fara tsayar da jini kafin tambaya. Jami'in nan dai na tarar. Bai gane ni ba. Ya ɗora kofin shayinsa a kan wasiƙar, ya ce za a duba. Na koma sau biyar. Zan ƙara komawa.

Alƙali ya raba auren. Sale yana nan yana niƙa, da sabon bel. Rabi tana Doguwa wurin gwaggonmu. Kunnenta na hagu ba ya ji. Hannuna ba ya ɗaga garma. Hatsin shekara ya ƙone, albasa ta ruɓe. Da yaron ya zo, da bana yana shekara uku.

Tabarmar ba ta ƙone ba. Tana nan naɗe a bayan ƙofa. Ban ƙara shimfiɗa wa kowa ita ba.