Allura Ɗaya a Hayin Kogi

Yana cikin ƙara wa kwalabe ruwan magani kamar kowace safiya, da ya iso ta arba'in da bakwai sai hannunsa ya tsaya. A ciki ƙadangare ne mai ƙaya a wutsiya, ya naɗe kamar mai barcin rana.

Shekara talatin da biyar Baban Ƙadangaru yana kula da ɗakin ajiyar dabbobi na jami'a. Karatunsa bai yi nisa ba, amma da ya ƙirga zobban ƙayar wutsiya zai gaya maka dangin dabba da irin dutsen da take shan hantsi a kai. Marigayi Farfesa ne ya koya masa, zamanin da suke yawo a tsohuwar mota mai tari, su wuni gindin duwatsu, ruwan gora ɗaya ya ishe su.

A bango akwai taswira. Duk inda aka kama irin wannan ƙadangaren, an soka allura. Dukkansu suna gabas da kogi, sai guda ɗaya tak a hayi, ta wannan da ke cikin kwalbar.

Shi kaɗai ya san dalili. A wata tasha ta hayin kogi ya karɓi dabbar daga hannun wani direba. Da ya zo rubuta takarda, sai ya sa sunan garin tashar, bai tambayi inda aka kamo ta ba. Farfesa ya yi ta murna, wai ashe suna haye ruwa. Ganin wannan murnar, bakin Baba ya yi nauyi, har ƙasa ta rufe idon Farfesa.

Yau, ranar da zai ajiye aiki, sabuwar shugabar sashe ta shigo da fara'a.

"Baba, jibi za mu hayi da ɗalibai neman 'yan'uwan wancan ƙadangaren. Mako uku. Ko ƙafa ta fara ƙaiƙayi ne?"

Ya matsa gaban taswirar. Sannan ya miƙa hannu ya zare allurar, ya sa mata a tafin hannu.

"'Yata, kada ku wahalar da 'ya'yan mutane. Wannan bai yi iyo ba, mota ya hau."

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Kai, Baba! Tun yaushe kake ɗauke da wannan?"

"Tun kina goye."

"To, Farfesa fa?"

"Shi ki bar ni da shi. In na tarar da shi, na yi masa bayani da bakina."

Ya rufe kwalbar, ya goge ta da bakin riga. Ya ajiye makullai a kan tebur, ya fita yana jan ƙofa a hankali, don kada kwalabe su girgiza.