Mitar Hajiya ta dawo

"Wannan ba koko ba ne, ruwa ne," in ji Hajiya mai ɗakina, ƙasa-ƙasa. Ni na dama shi.

Tun da muka dawo da ita daga asibiti a Funtua bakinta ya mutu, gida ya yi tsit.

Na ce, "Muna yara a Malumfashi, malamin Turanci ya koya mana cewa whisper raɗa ce, mutter guna-guni, grumble kuwa mita. Wanne kika yi yanzu?"

Ta harare ni. "Malam, da Bature ya ɗanɗana kokonka, da ya ƙaro ta huɗu."

A da, mitar nan ce ke korata gona da sassafe. Yau da na ji ta, har da ƙwallata.

Ku fa, mitar wa kuke kewa?