Tsoho da Farfela Biyu

A bakin wani shagon kayan wasa a unguwar Ƙurban, can ƙasa mai tsarki, Hajiya Ƙaltume ta tsaya kallon wani tsoho, siriri kamar raken da aka tsotse, babban yatsansa na dama guntu. Yana riƙe da jirgin saman yaƙi na gwangwani mai inji biyu. Farfela ɗaya ta fita, yana ta fama ya mayar, hannu na rawa.

"Ya hajj, khalas, bar shi," in ji mai shago.

Tsoho ya ce, "Bari dai. Ɗaya dama take juyawa, ɗaya hagu. In ba haka ba jirgi ya karkace."

"Alhaji, hannun da ko lomar tuwo sai ya zubar?" in ji Ƙaltume.

Bai ko dube ta ba. A ranta ta ce yatsan nan farfela ce ta cinye shi, watakila a filin jirgin Kano zamanin yaƙin Hitila, kafin ya taho Hajji a ƙafa.

Ƙaras, farfela ta zauna. Tsoho ya miƙe ƙirji, ya daka tsawa, "A kauce!" Sannan ya hura, duka biyun suka ɗauka.

Ƙaltume, wadda ko tasi ba ta kauce wa, ta ja da baya tana danne mayafi.