Ƙullin Ciyawa a Ƙofar Perlita

Saboda mahaifinta Perlita ta dawo gida. Da wannan zan fara, don akwai masu cewa Manila ce ta koro ta, kuma na san ƙarya suke yi. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can babban birnin tana amsa waya a wani kamfani. Da uwarta ta rasu aka bar mahaifin nata, Lakay Banasan, shi kaɗai da ciwon zuciya da taurin kai, sai ta nemi aikin da za a iya yi daga ko'ina, ta samu, ta ɗauko kwamfuta da akwati biyu ta hau motar da ke hawowa dutse.

Ni ce Sabina, maƙwabciyarsu, katangar duwatsu ce kawai tsakaninmu. Da uwar Perlita muka yi 'yanmatanci, don haka Anti take ce mini, ni kuma ban taɓa ɗaukar gidansu a matsayin inda ake neman izini ba. Gidan yana cikin tsofaffin gidajen katakon nan da Amurkawa suka gina wa malaman mishan, a bayan cocin dutse. Lakay ya yi wa makarantar mishan ɗin aikin kafinta har ƙarfinsa ya ƙare, aka bar masa gidan ya tsufa a ciki. A ɗakin gaba, mai taga a kan baranda, nan ne kaɗai intanet ke kamawa da kyau, nan Perlita ta kafa teburinta.

Aikin nata, wai wani asibitin haƙori ne a Ostireliya. Mai ciwon haƙori a can zai buga waya, sai ta yi ƙara a nan bayan cocinmu, Perlita ta sa murya mai zaƙi ta ba shi rana da lokaci. Tana farawa ƙarfe shida na safe, gajimare bai ma tashi daga kan rufin kwano ba. Ƙarfe goma ta huta rabin sa'a, lokacin su can suna cin abincin rana, daga nan kuma sai ƙarfe uku. Mun saba ganin Turawa masu gajeren wando suna zama a shagunan kofi da kwamfutocinsu, kofi ɗaya tun safe har la'asar, muna yi musu dariya. Ba mu taɓa zaton za a wayi gari da tamu a cikin irin wannan zama ba.

A watan farko na shiga mata ya fi sau ashirin. Ranar da na fi tunawa, rariya na je aro. Na tura ƙofa na same ta da abin sauraro a kunne, tana yi wa bango murmushi, tana kaɗa mini hannu a ƙarƙashin tebur kamar mai korar kaza. Na tsaya na riƙe ƙugu har ta gama.

"Anti, don girman Allah, in ina aiki ki riƙa bari sai ƙarfe uku," in ji ta.

"Wane aiki? Ni dai zama na gani."

"Anti, ana jin muryarki har can."

"To ki ce ina gaishe su. Kuma su rage shan zaƙi. Ina rariyar?"

Ba ni kaɗai ba ce. Wannan ya leƙo neman Lakay, wancan ya zo sanar da rasuwa, waccan ta kawo ayaba ta zauna ba da labarin gwiwarta. Haka garinmu yake, ƙofar da ke rufe da rana ta mara lafiya ce ko ta marowaci. Abin ya kai maƙura ranar da wani ɗan'uwan Lakay ya shigo da ɗan alade a buhu don a duba masa ko ya yi tsada. Aladen ya tsala ihu daidai lokacin da wata tsohuwa a can take bayanin dasashinta. Shugabar Perlita ta kira ta a ranar, ta ce in aka sake sau ɗaya, akwai mutum ɗari da ke jiran kujerar. Da yamma na jiyo kukan Perlita ta katanga, na ji tana ce wa ubanta in aikin nan ya tafi, babu wani a garin nan, sai dai ta koma Manila.

Washegari Lakay ya gangara bakin rafi ya yanko karan ciyawa mai tsawo, ya ƙulle ganyen kansa, ya soke shi a tsagar katakon da ke bakin ƙofar ɗakin. Pudong ke nan, ƙullin da ake kafawa a gonar da aka hana shiga, ko a bakin hanya ranar da dattawa suka rufe gari. Ko mashayi ya gan shi sai ya kewaye. Ban taɓa ganin an kafa shi a cikin gida ba, kuma na gaya masa.

"Manong," na ce, don haka muke kiran namijin da ya girme mu, "ka fara ruɗewa ne? Pudong a ƙofar ɗaki? Gona ce?"

"Gonarta ce," in ji shi. "A nan take nomanta."

"To mu da muka yi mata wankan jariri fa?"

"Ke ce ta farko da na ƙulla dominki, Sabina."

"Kai kuma fa? Ko mai gida ba ya cikin doka?"

"Wanda ya ƙulla ai shi ya fi kowa ɗauruwa. In na tsallake sau ɗaya, gobe ke za ki tsallake da kwandonki."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na yi mako biyu ban taka barandarsu ba, kuma ko da na huce, wani abu ya rage a ƙasan zuciyata. Amma ƙullin ya yi aikinsa. Daga ranar ko yaro ya biyo ƙwallo, in ya kai bakin matakala sai ya rage murya. In ciyawar ta bushe Lakay ya yanko sabuwa.

Haka aka shekara biyu, kuma ni ban ga daɗin da aka ji ba. Perlita tana cikin gari amma garin ba ya ganinta. An yi dashen shinkafa a gonakin tudu, kowane gida ya ba da hannu, nasu babu. An yi jana'iza uku a unguwarmu, duk ta iso bayan an watse. Mata suka fara cewa ta zama Baturiya, ni ma na taya su faɗa wani lokaci. Ƙarfe uku za ta fito idanu jajur, maƙogwaro a bushe. Lakay kuwa ya wuni yana tara mata labari, na kazar da ta ɓata, na wanda ya faɗi da babur a kwanar asibiti. Zai fara zuba, ita kuma ta yi magana da mutum tamanin tun safe, ba abin da take so irin shiru. Sai ta riƙa gyaɗa kai har ya gane ya yi shiru shi ma. Ta saya masa magani mai kyau, ta gyara rufin da ke yoyo, ta sayo masa rigar sanyi mai kauri. Wata rana da ta zo karɓar ƙwai a wurina ta ce, "Anti, na dawo gida, amma ji nake kamar har yanzu ina cikin mota ban iso ba." Na ce mata ta ci abinci sosai, don ban san abin da zan ce ba.

Ranar Talata ce, cikin Nuwamba. Na taso daga lambu da kabeji biyu a hannu, wajen sha ɗaya da 'yan mintuna, na hango Lakay zaune a kan bencin baranda, ƙarƙashin tagar ɗakin Perlita, da tsohuwar hularsa ta saƙa. A ka'ida a wannan lokacin yana wurin kajinsa, shi ya sa na hau matakala. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, shi kuwa gumi ne a goshinsa, yana murza hannunsa na hagu. Muka yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta fi ta minti biyu ba. Na dubi ƙofar, na dubi ƙullin ciyawar, na sauka na tafi gida na ɗora tukunya.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na ji muryar Perlita. "Ama," take cewa, yadda muke kiran uba, "Ama, tashi mu shiga ciki." Ta faɗa sau uku kafin muryar ta canja. Ko da na iso ya riga ya yi sanyi, ya jingina da bangon katako, hular ta karkace ta rufe masa ido ɗaya. Asibiti kuwa tafiyar minti goma ce, kuma gangara ce.

Can wurin aikinta kwana uku suka ba ta. Namu zaman makokin ya fi haka, don haka a rana ta huɗu mutane na cike da tsakar gida ana rera waƙoƙin coci, ita tana ɗaki tana ba masu ciwon haƙori lokaci. A wurin zaman kowa na tambaya ko akwai wanda ya gan shi a ranar. Na ce ni ina lambu. Da Perlita ta tambaye ni da kanta, ko ina ganin ya daɗe a wurin, na ce, "Haba, bai daɗe ba. Irin wannan ciwon farat ɗaya yake ɗauka, ko kina tsaye a kansa ba abin da za ki iya." Na ce wa kaina don in sanyaya mata zuciya na yi. Ƙarya nake, kaina na rufa wa asiri. Tun daga ranar ban ƙara cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan kamar wata guda, da safe lokacin hutunta, ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Babu ƙullin ciyawa a bakin ƙofar yanzu, amma sai da ƙafata ta tsaya kafin na shiga. Ta ba ni kujera kusa da tebur. Ta rame, rigar sanyin ubanta ce a jikinta.

"Anti, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don kunya nake ji," in ji ta. "Kwamfutar nan tana ɗaukar hotona duk minti goma, ta aika musu, don su tabbata ina zaune. Hotunan suna nan a ajiye. Jiya na buɗe na ranar."

Ta danna. Ga fuskarta da abin sauraro, baki a buɗe tana magana. A bayanta ga taga, a ƙasan gilashin kuma ga saman hular saƙa. Ta wuce na gaba, hular na nan. Ta wuce wani, tana nan. A wani hoton Perlita dariya ma take yi.

"Sha ɗaya saura minti goma ya zauna," ta ce. "Har sha biyu da rabi kansa a tsaye yake. A nan ma, duba, ya juyo yana kallona ta gilashi. Daga wannan kuma ya karkace. Na ƙirga, Anti. Sa'a ɗaya da minti arba'in."

Na ce ta rufe abin nan, kallonsa ba zai dawo da kowa ba. Ba ta kula ni ba, ta koma baya ta tsaya a kan wani hoto. Wata mace ce tsaye a baranda, ta sunkuyo, da kabeji biyu a hannu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ta zage ni, da ta yi haka ma da na ji sauƙi. Ba ta ko dube ni ba.

"Ba don in yi miki faɗa na kira ki ba. Ke ce ta ƙarshe da kika ji muryarsa. Me ya ce miki?"

Na ce mata na tambaye shi lafiya, ya ce iska ce ta shige masa ƙirji, yana jira ta tashi ta raka shi asibiti. Na ce mata na ce bari in ƙwanƙwasa, sau ɗaya na faɗa, ban maimaita ba. Da wani ne ya kafa ƙullin nan da na tsallake shi, amma har ranar ina jin zafin abin da ya gaya mini, sai na ce a raina to mai doka, zauna da dokarka. Duk na faɗa mata, ban rage komai ba.

"Da kika ce za ki ƙwanƙwasa, me ya ce?"

"Ya riƙe mini zani. Ya ce, 'Bar ta, Sabina. In suka kore ta, Manila za ta koma, ni kuma na saba jin motsinta a gidan.'"

Perlita ta kifa tafin hannunta a kan tebur. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, sai kwamfutar ta yi ƙara, hutu ya ƙare. Ta dubi agogo, ta ja hanci, ta ɗauki abin sauraro ta sa a kunne. Na ji ta gaida wani da muryar nan mai zaƙi, tana tambayarsa wane gefe ne ke masa ciwo.

Ban fita ba. Na zame daga kujera na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, inda hoton ba zai kama ni ba, na zauna har ƙarfe uku.