Motar da Iliya Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda ya taɓa kawo mara lafiya Alƙahira daga arewacin Najeriya, da wuya bai ji sunan Badamasi Tafinta ba. Shi ne dogon nan mai sanyin murya da zai tarye ka a filin jirgi, ya kai ka gaban likita, ya juya maka Larabcin Masar zuwa Hausa, in maganar ta yi ɗaci ya ɗan rage mata kaifi kafin ta iso kunnenka. Mutumin Funtuwa ne. Karatu ya kawo shi, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Ya auri Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai baki kamar reza, suka kama gida a hawa na biyar a unguwar Hayyin Ashir, inda matakala kaɗai ta isa ta sa mutum istigfari.

Abin da marasa lafiyar ba su sani ba shi ne, da la'asar ta yi, wannan babban mutum mai gemu da digirin Shari'a yakan zauna a balakona, wato barandar benensu, da hantsaki da gam yana haɗa wata mota da ba ta fi tafin hannu ba. 'Yan uwa ɗalibai sun yi dariya har sun gaji. To, su yi ta yi! Shi ya san abin da yake nema. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, za ta zo ganin likitan ido, kuma shekara uku ke nan ba ta kira shi da sunan da ta saba ba. So yake ya ɗora mata motar nan a hannu, ta gane ta. Idan ta gane, yana ganin wataƙila ta yafe masa.

Mahaifinsa, Iliya, bakanike ne a bayan tasha. A bangon garejinsa akwai wata takardar kalanda da rana ta cinye, ɗauke da hoton irin tsofaffin motocin da Amurkawa ke yanke wa rufi, su tuɓe wa inji riga, su kira su hot rod. Babu wanda ya san inda ya samo ta. Yakan tsaya gabanta da kofin shayi ya ce, "Sai na ƙera irin wannan kafin in mutu." Ya kuwa fara. Ya jawo wata tsohuwar a-kori-kura zuwa ƙarƙashin darbejiyar gidansu, ya sare mata kai, ya sa mata tayoyin jif a baya, ya ɗaga cikinta sama don a cewarsa motar da ba za ta iya hanyar Ɗandume da damina ba, gado ce mai taya. Ragowar koren fentin ƙofar masallaci ya shafa mata. Shekara goma sha ɗaya tana nan, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, injin bai taɓa tashi ba. Kullum in an kira sallar magariba, Iliya zai cire hular aikinsa mai baƙin mai, ya ɗora a kujerar direba, ya ce, "Kama mini wuri," sannan ya tafi alwala.

A wannan kujerar Badamasi ya girma, yana murza sitiyari yana tafiya Makka da Legas ba tare da ya bar gindin bishiya ba. Shi ya sa Inna, da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, take ce masa Direba.

A farkon 2011 aka bugo masa waya cewa jikin Baba ya yi tsanani, yana ta tambayarsa. Ya ce bari ya gama jarrabawa, saura kwana tara. Kafin kwana taran su cika Alƙahira ta hargitse da zanga-zanga, tituna suka cika da mutane, waya ta ɗauke, samun jirgi ya zama aiki. Ranar da layi ya dawo, saƙon farko da ya shigo na rasuwa ne. Daga baya ya je gida, ya durƙusa gaban Inna, ta amsa gaisuwarsa lafiya lau, ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Malam! Wallahi da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar haka take kiransa, a waya ma gaisuwa biyu ce sai ta ce, "Ga ƙanwarka."

Wata Juma'a yana ratsa kasuwar gwanjo, ya hango wani kwali a tsakanin tsofaffin rediyo da takalma wari ɗaya. Hoton da ke jikinsa ya tsayar da shi cak. Motar kalandar ce, ba ragi ba ƙari. A ciki akwai gutsattsarin roba sun fi ɗari, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. A ƙaramar bas ɗin da ta dawo da shi, kwalin na kan cinyarsa, bai ji hon ba, bai ji ihun kwandasta ba. Ƙanshin darbejiya yake ji da na baƙin mai, har ya wuce wurin saukarsa da nisa.

Wata biyu ya yi yana haɗawa. Bai bi takardar sosai ba, abin da ke idonsa ya bi: ya ɗaga cikin motar, ya shafa mata kore. Da ta yi kama da mota, Mahasin ta ce ya kai wa Amm Hasan ya gani. Amm Hasan wani dattijo ne Bamasare mai gyaran agogo a unguwar Madinat Nasr, wanda rabin shagonsa agogo ne, rabi kuma ƙananan motoci da jirage da ya shafe shekara arba'in yana haɗawa.

Dattijon ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya juya motar, ya sake juyawa, ya ja dogon numfashi irin na likitan da ya ga abin da ba ya so.

"Ya ibni, ɗana, hannunka mai tsabta ne, gam bai zubo ko'ina ba. Amma wannan mota ce ko raƙumi? Irin wannan ƙasa take bi, cikinta kamar zai taɓa kwalta. Ka rage mata tsawo. Tayoyin gaba su zama sirara, na baya masu faɗi. Wannan koren kuma na ƙofar masallaci ne."

"Shi ne kuwa," in ji Badamasi.

"Ja ake yi mata, ko baƙi, da harsunan wuta a gefe. Salansa ka fito da ita waje, mai ƙyalli." Ya leƙa ciki, sai ya ja da baya. "La ilaha illallah! Wa ya kashe direban?"

A cikin kwalin akwai wani ɗan mutum na roba da ake zaunarwa a kujera. Badamasi, kamar yadda kowane ɗalibin unguwarsu zai yi, ya sa reza ya cire masa kai don kada ya ajiye mutum-mutumi a ɗakin da yake salla, sannan ya zaunar da gangar jikin, hannuwa riƙe da sitiyari. Shi a ganinsa ya warware matsala. Amm Hasan, mai tabon sujada a goshi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Shehu, fatawarka tana nan daram. Amma ko ka sa mutum cikakke, ko ka fitar da shi. Wa zai shiga motar da direbanta ba shi da kai?"

Badamasi ya dawo gida jiki a sanyaye. Mutumin nan gwani ne, shi kuwa wane ne? Ya bi shawarar ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke cikin motar, ya canza tayoyi, ya kankare koren, ya fesa ja, ya zana harsunan wuta da buroshi mai gashi uku. Kai, ta yi kyau! Da yamma in rana ta faɗo tsakanin dogayen gidaje da igiyoyin shanya, sai jan ya kama haske kamar garwashi. Yakan zauna yana kallonta har ya ga ta girma, ta sauka titi, ta bi ta kan gada, ta haye kogin Nilu, ta miƙe kudu cikin rairayi. Amma duk lokacin da ta kusa Funtuwa sai ta tsaya. Ko a cikin tunani ta ƙi shiga layinsu, cikinta na kama ƙasa tun daga kwalbatin farko.

Mahasin ta ajiye masa shayi, ta daɗe tana duban motar.

"Tamam, Ustaz, kyakkyawa ce. Ta wane ne?"

"Kamar yaya ta wane ne?"

"Ni dai motar da kake ba ni labari koriya ce, kaji na kwana ƙarƙashinta. Wannan ko ƙadangare sai ya sunkuya. Amm Hasan za ka kai wa, ko Inna?"

Ransa ya ɓaci, don ya san gaskiya ta faɗa. Saura mako uku Inna ta iso. Washegari ya jiƙa motar a ruwan cire fenti, yana kallon wutar da ya yi kwana goma yana zanawa tana narkewa, hawaye na zubo masa shi kaɗai.

Ya koma wurin Amm Hasan, ya ba shi labarin darbejiya da kalanda da hanyar Ɗandume. Dattijon ya saurara bai katse shi ba, abin da ba halinsa ba ne. Sannan ya buɗe wata aljihun tebur, ya tono tayoyi biyu masu kaushi na wata ƙaramar motar soja.

"Har yanzu ina nan kan bakana, raƙumi ce," ya ce. "Amma in raƙumi za ka yi, yi shi da kyau. Sa waɗannan a baya. Koren kada ka fesa, shafa shi da buroshi, a ga sawun hannu, mahaifinka ba injin feshi gare shi ba. Ka ɗan taɓa mata tsatsa a gindin ƙofa. Kuma don Allah ka yi wa direban nan jana'iza."

Ya yi duka. Ya fitar da direban, kujera ta zauna wayam, kuma wannan wayam ɗin ya fi komai damunsa. Kwana biyu yana kallonta kafin abin ya faɗo masa. Ya roƙi Mahasin ta ɗinka masa hula. Ta ce ita tela ce ta mutane ba ta tururuwa ba, amma ta zauna da allura da ɗan ƙyalle ta fitar da wata aba da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya taɓa mata baƙin mai da tsinke, ya ɗora a kujerar direba.

Inna ta iso da sanda da ƙanwarsa tana riƙe da hannunta. Shi da kansa ya yi mata tafinta. Likita ya ce jijiyar idon ta riga ta lalace, abin da za a iya kawai shi ne a tsare ɗan hasken da ya rage. A karon farko a aikinsa Badamasi bai rage wa magana kaifi ba, don ya san za ta gane. Ta ce, "Alhamdulillahi. Na gode, Malam."

Kwana shida tana gidan yana kasa fito da motar. Ran na bakwai, bayan la'asar, tana zaune a balakona tana jan carbi, tantabarun maƙwabta na kewaya saman rufi, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ga wani abu na yi. Ki taɓa."

Ta ajiye carbin, ta karɓa da hannu biyu. Ta kai ta kusa da ido, ba ta ga komai ba sai kore. Yatsunta suka fara tafiya a hankali: gaba, inji a waje, babu rufi. Suka sauka kan tayoyin baya suka tsaya. Ta zura yatsa ƙarƙashin cikin motar, ya shige har ya fito ta ɗaya gefen.

Sai ɗan yatsanta ya shiga ciki, ya taɓa sitiyari, ya sauka kan kujera. Ya daɗe a wurin.

"Wa ya gaya maka?" ta ce, muryarta ta canza.

"Me, Inna?"

"Hular. Tana nan inda ya bar ta. Na hana kowa ɗauka, ruwan damina uku ya dake ta." Ta shafa hular da yatsa. "Ranar da ya kwanta, shi ya sa aka riƙe shi har gindin bishiya ya ɗora ta. Na ce, kai da ba ka iya tsayuwa, wa kake kama wa wuri? Ya ce ai ba nasa ba ne, na yaron nan ne, in ya zo ya ƙarasa ta."

Badamasi ya kifa goshinsa a gwiwarta, ya yi kukan da bai yi ba shekara uku. Ba ta hana shi ba. Hannunta ɗaya na riƙe da motar, ɗayan ya lalubo kansa ya zauna.

"Ka je gida ka yi kwana goma, ko kallon bishiyar ba ka yi ba," ta ce. "Abin da ya ci mini rai ke nan."

"Kunya ce, Inna. Na kasa."

Ta yi ta shafa koren fentin da babban yatsa, har aka fara kiran magariba daga masallatai uku a lokaci ɗaya.

"To, ya isa," ta ce. "Tashi ka yi alwala, Direba. Bar ta a hannuna, zan kama maka wuri."